Mataki Huɗu Ƙasa

A gefen hagu na fiyanon akwai ƙananan maɓallai biyu, ɗaya da alamar ƙari, ɗaya da alamar ragi. In ka danna na ragin sau ɗaya, duk sautin fiyanon zai sauka mataki ɗaya, yatsunka kuwa ba za su bar inda suka saba ba. Waƙar tana nan yadda take, sai dai ta yi ƙasa. Mai kallon hannunka ba zai ga komai ba. Wani ɗan gilashi ne kawai a saman maɓallan yake nuna lambar, shi kuma mai fiyano ya daɗe da liƙe shi da baƙin salatif irin na masu gyaran wuta.

Surukinsa yake yi wa kiɗa, mahaifin matarsa. Tun yana saurayi mutane suka laƙaba wa tsohon Ƙararrawa, saboda yadda muryarsa take hawa sama ta tsaya cak ba ta rawa. Mai fiyano dai Baba yake ce masa.

Ranar da ya fara taɓa maɓallin, mura Baba yake yi, ga ɗakin taro ya cika. Ya ji tsohon yana jan numfashi da ƙyar, sai ya sauke masa mataki ɗaya. Da aka tashi Baba ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ka ji ni yau? Mura ma tsorona take ji."

Murar ta warke, lambar ba ta koma ba. A hankali ta zama biyu, ta zama uku. A waƙar tela, wadda ita ta fito da Baba, wadda ƙarshenta yake hawa can ƙololuwa, lambar ta kai huɗu. Baba kuwa duk hirar da aka yi da shi a rediyo sai ya faɗa: inda ya ɗauki waƙa yana saurayi, nan yake ɗaukarta har yau.

Sai wata mai sitidiyo ta nemi a sake ɗaukar tsofaffin waƙoƙinsa da sababbin na'urori. Baba ya yarda, amma ya ce sai an nemo Saje. Saje tsohon ɗan badujala ne. Shi ya busa ƙahon tagulla a faifan farko, kuma cikin waɗanda suka yi waƙar tela su biyu suka rage a raye.

Da safen ranar gwaji, matar mai fiyano tana zuba wa mahaifinta ruwan ɗumi a fulas. Ta san da maganar maɓallin, don ta taɓa kama mijinta yana sake salatif ɗin.

"Shi ƙahon Saje yana da irin maɓallin nan naka?" ta ce.

"Ba shi da shi."

"To?"

"To me?"

"Ka gaya wa Baba kafin ku shiga."

"Mahaifinki ne. Ki gaya masa."

"Ni na danna?"

Ya sunkuya yana ɗaure igiyar takalmi. Ya daɗe a kan igiyar.

"Zan ja Saje gefe in yi masa bayani," ya ce. "Soja ne, ya san riƙe baki."

Bai samu jan Saje gefe ba. Tsofaffin biyu tare suka iso sitidiyon a tasi ɗaya, hannun wannan a kafaɗar wancan, kuma ba su rabu ba har suka shiga ɗakin ɗaukar murya. Ɗaki ne ƙarami, an liƙe bangonsa da soso, ba taga sai babban gilashin da mai sitidiyo take zaune a bayansa. An kashe fanka don kada ƙararta ta shiga faifan.

Saje ya sa riga fara da ta sha guga har hannunta yana iya yanka. Akwatin ƙahonsa makullin ya lalace, ya ɗaure shi da tsohon bel ɗin soja. In ana magana yakan juyo da kunnen hagu.

"Saje, haƙoran nan aro ka yi ko haya?" Baba ya ce.

"Nawa ne. Likita ya auna bakina ya ƙera min. Kai wa ya shafa wa gashinka baƙin rini, ko jikokinka ne suka yi wasa da kai kana barci?"

"Haka Allah ya bar min abina."

"Har da wanda ya ɓata maka kunne?"

Baba ya kai hannu kunnensa, Saje ya yi dariya har sai da ya danne haƙoran da yatsa.

Ya kwance bel ɗin, ya fito da ƙahon. An goge shi yana ɗaukar ido, sai dai wurin da hannu yake riƙewa ya cinye ya yi ja. Ya ce tun da saƙon ya iske shi kullum yana bayan gida da kaset ɗin waƙar, yana bin kansa na da, har maƙwabciyarsa ta aiko a tambaya ko wani babba ne ya rasu.

Mai fiyano ya jona wayoyinsa. Ya zaɓi waƙar tela, ya danna na ragin sau huɗu da gefen ɗan yatsa, yadda ya saba, kamar mai share ƙura.

Waƙar da fiyano take farawa, sai ƙaho ya shigo, sannan murya. Ya buga farkon. Saje ya ja numfashi ya busa.

Sautin ya fito tas, ba gargada, amma can sama da kiɗan, ba inda suka haɗu. Mai sitidiyo ta ɗaga abin sauraren daga kunnenta. Saje ya sauke ƙahon ya dube shi.

"Ya yi sanyi ne," ya ce. Ya hura masa iska, ya ɗan ja bututun, ya sake.

Haka aka sake samu.

Ya tura bututun ciki. Ya cire bakin ƙahon ya goge da hankici ya mayar. Ya gyara zaman haƙoransa. Suka sake, har Baba ya shigo da murya a kan kiɗan fiyano, daidai, cikin daɗi, ƙahon yana ta yawo shi kaɗai a sama. Baba ya ɗaga hannu aka tsaya.

"Saje, waƙar tela muke yi. Kai wacce kake busawa, ta tashin kurata?"

Saje ya taso. Ya zagayo bayan mai fiyano ya tsaya a kansa.

"Ɗana, buga min farkon in ga hannunka."

Ya buga. Saje ya sunkuya yana bin yatsun da ido.

"Nan ne," ya ce a hankali. "Marigayi mai fiyanonmu nan yake ɗora babban yatsa. Farin da ke gaban baƙaƙen nan biyu. Nan ne, ba shakka." Ya nuna salatif ɗin. "Wannan fa?"

"Gilashin ne ya tsage," in ji mai fiyano.

Bai san ya tanadi amsar ba sai da ya ji ta fito. Zufa ta gangaro masa ta bayan kunne, bai share ba.

Saje ya koma wurinsa. "A gida da kaset daidai nake," ya ce. "Wallahi daidai nake."

"Rakodar taka ai sa'arka ce," Baba ya ce. "Ta tsufa, gudu take yi. Kai da ita kuka ɓace tare. Ni ka ga inda na ɗauke ta da, nan na ɗauke ta yanzu, ga fiyano shaida. Inji ba ya son kai. Kunnenka ne ya sake yin ritaya bai gaya maka ba."

Da wasa ya faɗa, irin wasan da suka saba. Saje ya yi murmushi, ya duba yatsunsa uku a kan maɓallan ƙahon, ya danna su ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya busa ba.

Muryar mai sitidiyo ta fito ta lasifika. "Baba, a yi haƙuri, akwai masu jiran ɗakin da yamma. Fiyanon nan ai yana da muryar ƙaho a cikinsa. Maigida, ɗan jiyar da mu mana."

Mai fiyano ya dubi Baba. Baba ya ɗaga masa haɓa, wato ya yi. Ya nemo muryar ƙahon ya buga wurin Saje. Ƙahon cikin fiyano ya bi maɓallin ragi kamar kowane sauti, ya zauna a kan kiɗan daram.

Saje ya saurara da kunnen hagu har ƙarshe.

"Ya yi," ya ce. "Ko numfashi ba ya ja."

Ya buɗe ɗan murfin ƙasan ƙahon ya zubar da ruwan a hankici, ya kwantar da ƙahon a akwati, ya fara ɗaure bel.

Dariyar Baba ta ɗauke. "Zauna mana. Ai za a sa sunanka a jikin faifan."

"Sunan wanda bai busa ba?"

Ya fita. Mai sitidiyo ta ce a ɗan huta.

Mai fiyano ya same shi a baranda, zaune a benci kusa da tulin kujerun roba, akwatin a kan cinyarsa. Ya durƙusa a gefe.

"Yauwa, gara da ka fito," in ji Saje. "Kai kana cikin makaɗa. In ka san wani mai koyon busa da gaske, ba mai son hoto ba, ka ba shi wannan. Ka gaya masa maɓalli na biyu yana liƙewa, yana son mai."

"Saje, ai ba a kai nan ba."

"An kai. Likita ya ce kunnen dama ya tafi, na hagu yana bin sa. Na ce ƙarya yake. Ba ɓatan ne ya dame ni ba, kowa yana ɓata. Ina jin ba mu haɗu ba, amma na kasa gane ta inda na kauce. Ni da na ƙare aikina ina gyara wa kurata kunne." Ya shafa murfin akwatin. "Matata tana raye takan ce, ranar da ka fara ba mutane tausayi ka ajiye. Na ga fuskar yarinyar nan ta cikin gilashi."

Ya miƙa masa akwatin. Mai fiyano bai karɓa ba. Maganar tana bakinsa, gajeriya ce, amma ya ga in ya faɗe ta a nan ya tona asirin surukinsa a bayan idonsa, a baranda, kusa da kujerun roba. In kuma ya koma ciki ya faɗa, da wace fuska zai dubi mahaifin matarsa? Ya auna biyun ya kasa ɗaukar ko ɗaya.

"A dawo a gwada sau ɗaya," ya ce.

"Don me?"

"Sau ɗaya kawai, Saje. Don Allah."

Saje ya dube shi, ya daɗe, sannan ya tashi.

Baba yana kurɓar ruwan ɗumi a murfin fulas. Da ya ga abokinsa ya dawo, fuskarsa ta saki. Mai fiyano ya zauna. Ya sa farce ya ɓamɓare salatif ɗin, ya danna na ƙarin sau huɗu. Gilashin, wanda ko ƙwarzane babu a jikinsa, ya nuna sifili. Bai ce wa kowa komai ba. Ya buga farkon.

Saje ya busa, ƙahon ya faɗa cikin kiɗan kamar dama a nan aka haife shi. Idanun tsohon suka buɗe a saman ƙahon, amma bai tsaya ba. Mai sitidiyo ta miƙe zaune ta kunna jar fitilar ɗaukar murya.

"Ka ga da ka ji kunya ka gyaru," Baba ya ce yana dariya, ya matso gaban makirufo ya ɗauka.

Baitin farko ya wuce, da ɗan ƙoƙari. A na biyu jijiyoyin wuyansa suka tashi. Ya ɓalle maɓallin rigarsa na sama, ya waiwayo ya dubi surukinsa. Mai fiyano ya kafa ido a kan yatsunsa. Aka zo hawan ƙarshe, inda mawaƙin yake kiran tela ya riƙe kiran har ƙaho ya amsa masa. Baba ya cika ƙirji, ya ɗaga kai, ya hau. Muryar ta kai rabi ta tsage. Abin da ya biyo baya iska ce, sai tari.

Saje bai busa amsar ba.

"A sake," in ji Baba.

Aka sake daga baiti na biyu. Wannan karon ko rabin bai kai ba. Mai sitidiyo ta kashe jar fitilar ta shiga gyara wasu wayoyi da ba su buƙatar gyara.

Saje ya riga ya hango gilashin, ya kuma ga salatif ɗin manne a gefen fiyano. Ya ajiye ƙahon ya kama hannun abokinsa.

"Ƙararrawa, zo mu sha iska. Ɗakin nan ba fanka."

"Sake ni."

Baba ya zo gaban fiyanon. Ya ciro tabarau daga aljihu ya sa, ya sunkuya.

"Wannan sifilin na mene ne?"

"Inda waƙar take ne a faifan farko, Baba."

"Ɗazu me ke wurin?"

"Huɗu."

"Sama?"

"Ƙasa."

Baba ya cire tabarau ɗin, ya ninke, ya sake buɗewa.

"Yau ka fara?"

"A'a, Baba."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar murar nan. A ɗakin taro. Ɗaya ne a lokacin."

Tsohon ya tuna ranar, an ga alama a fuskarsa. Wataƙila ya tuna da abin da ya faɗa bayanta, da kuma hirarrakin rediyo.

"'Yata ta sani?"

Mai fiyano ya kau da kai.

"Wato a gidanka ma an sani."

Ya fita. Suka ji an buɗe famfo a banɗakin da ke ƙarshen baranda, ruwa yana ta zuba.

Saje ya ɗauki salatif ɗin ya duba shi gaba da baya, ya manna a bayan hannun mai fiyano.

"Gilashin ya tsage, ko?"

"A gafarce ni, Saje."

"Ni nawa mai sauƙi ne, ƙaho na kusa kyautarwa. Shi fa? Kana da baki. Ka ja shi waje ka gaya masa, ya zage ka, a wuce wurin. Sai ka bar shi ya hau ya faɗo a gaban yarinyar da ya yi jika da ita."

Mai fiyano ya sunkuyar da kai. Ya ɓalle salatif ɗin daga hannunsa ya murƙushe ya sa a aljihu.

Da Baba ya dawo fuskarsa a jiƙe take, baƙin rinin ya ɗan gangaro ta gefen kunne. Ba wanda ya nuna masa. Ya tsaya a tsakiyar ɗakin yana kallon bango.

"Saje. Maganar da na yi a kan kunnenka."

"Na ji ta. Da na hagun."

"Rakodarka lafiyarta ƙalau."

"Zan gaya mata."

Baba ya gyaɗa kai. Ya juya wajen gilashin. "'Yar nan, wannan na ƙarshen, kin ɗauka?"

"Ban ɗauka ba, Baba."

"Na ga jar fitila a kunne. Ku daina min haka, dukanku."

"Na ɗauka," ta ce.

"Ajiye min shi. Zan saurara ni kaɗai." Ya dawo kan abokinsa. "Za ka iya saukowa huɗu?"

Saje ya danna maɓallan ƙahon yana lissafi da leɓe. "Yatsun sai sun sake koyon hanya. Sun tsufa a kan waccan. Ka ba ni mako."

"Za ki jira mu mako?"

Ta ce za ta jira.

"Muryar ƙahon nan ta cikin inji kuma, kada in sake jin ta." Har yanzu bai dubi surukinsa ba. Fiyanon ya yi wa magana. "A mayar da shi huɗu. A bar gilashin a buɗe."

Mai fiyano ya danna. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, kowa yana kallon lambar tana sauka. Suka bi waƙar a hankali, Saje yana laluben sababbin wuraren yatsu, yana ɓata yana tsaki yana sakewa. Baba ya rera ƙasa-ƙasa, hannunsa a aljihu. Da aka zo hawan ƙarshe ya kai, ya riƙe, amma bai ɗaga kai ba.

Mai fiyano ne ya mayar da su gida a motarsa. Kullum Baba gaba yake zama, yana sarrafa rediyo yana gyara wa direbobin titi tuƙi. Yau ya shiga baya kusa da Saje. Suka sauke Saje a bakin layinsu, ya tafi rungume da akwatin, ƙarshen bel ɗin yana lilo.

A ƙofar gida mai fiyano ya fito ya buɗe masa. Baba ya sauko da ƙafa ɗaya, ya tsaya, ya miƙa masa fulas ɗin.

"Ka kai mata. Ka ce ruwan ya yi zafi da yawa."

"To, Baba."

Tsohon ya fito gaba ɗaya, ya gyara rigarsa, ya ɓalla maɓallin saman. Sai a lokacin ya dube shi.

"Ranar da za ta kai biyar, da bakinka za ka faɗa min."

"To, Baba."

Ya shiga ya turo ƙofar. Mai fiyano ya koma mota ya zauna, fulas ɗin a cinyarsa. Wayarsa ta yi ƙara, matarsa ce. Ya bar ta ta yi ta ƙara har ta katse, sannan ya tayar da motar.